Amiri Baraka da Kujerar Sha'irin New Jersey: Sarautar da Aka Rushe Saboda Baitoci Kaɗan

A ranar 2 ga Yuli, 2003, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, James McGreevey, ya sa hannu a wata doka da aikinta guda ne tak, wato soke muƙamin sha'irin jiha. Muƙamin bai cika shekara huɗu da kafawa ba, kuma mutum biyu kaɗai suka taɓa hawa kujerarsa. Ba ƙarancin kuɗi ne ya kawo sokewar ba, domin abin da aka yanka wa mai riƙe da muƙamin dala 10,000 ne na wa'adin shekara biyu. Abin da ya faru shi ne, mai riƙe da sarautar a lokacin, Amiri Baraka, ya karanta wata waƙa a bainar jama'a, gwamna ya ce ya sauka, shi kuma ya ce ba inda za shi. Da aka buɗe doka aka duba, sai aka tarar babu wanda ke da ikon tsige shi. Shi ne aka ɗauke kujerar ɗungurungum.

Kafin a shiga cikin rigimar, ya kamata a san wace irin sarauta ce wannan. A ƙasashen Turawa akwai tsohuwar al'adar hukuma ta zaɓi marubucin waƙa guda ta naɗa shi sha'irinta. Ingila ta fara naɗin a hukumance da John Dryden a 1668. A Amurka, ɗakin karatu na majalisar dokokin tarayya yana da mai ba da shawara kan waƙa tun 1937, kuma daga 1986 ne aka fara kiran mai wannan muƙami sha'irin ƙasa. Jihohi ma suna da nasu, California ta naɗa Ina Coolbrith tun 1915, daga baya birane da ƙananan hukumomi suka bi sahu. Bahaushe zai fi saurin tuna mawaƙan fada, irin su Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, amma bambancin yana da girma. Mawaƙin fada ya san ubangidansa, ya san aikinsa yabo ne da zambon abokan hamayya, kuma ranar da ya saɓa, ya san ƙofar da za ta rufe. Sha'irin jiha a Amurka ba a ɗora masa yabon gwamna ba. Aikinsa ya shiga makarantu da ɗakunan karatu da gidajen tsofaffi, ya karanta waƙa, ya sa yara su riƙe alƙalami, ya nuna wa mutanen da ba su taɓa buɗe diwani ba cewa waƙa tasu ce. Sunan hukuma yana kansa, amma bakinsa nasa ne. A nan ne kullin al'amarin yake.

Gwamna Christine Todd Whitman ce ta sa hannu a dokar da ta kafa muƙamin a watan Oktoban 1999. Tsarin mai sauƙi ne. Hukumar jihar mai kula da ilimin al'adu da tarihi, tare da shawarar hukumar fasaha ta jihar, za ta haɗa kwamitin mutum huɗu masana waƙa duk bayan shekara biyu, wanda ke kan kujerar ya zama na biyar, su zaɓi mutum guda su miƙa wa gwamna sunansa. Wanda aka naɗa zai ƙarfafa sha'awar waƙa a jihar, ya kuma yi karatu a bainar jama'a aƙalla sau biyu a shekara. An sa wa lambar girmamawar sunan William Carlos Williams, likitan garin Rutherford wanda ya yi suna a waƙa. New Jersey tana da abin taƙama a wannan fage, domin a Camden Walt Whitman ya ƙare rayuwarsa, Allen Ginsberg kuma a Newark aka haife shi, ya tashi a Paterson. Abin da dokar ba ta tanada ba shi ne yadda za a yi idan an samu saɓani da wanda aka naɗa. Waɗanda suka rubuta ta sun ɗauki abin a matsayin kyautar girmamawa, kuma ba a saba rubuta sharaɗin ƙwace kyauta ba.

Na farko da aka naɗa, a 2000, shi ne Gerald Stern, dattijo Bayahude mazaunin Lambertville, wanda ya ci babbar kyautar littafi ta ƙasa a 1998. Ya gama wa'adinsa lami lafiya, ya zauna a kwamitin da ya zaɓi magajinsa. Kwamitin ya zaɓi Baraka, McGreevey ya naɗa shi a tsakiyar 2002.

Duk wanda ya san adabin Amurka ya san wane ne aka zaɓa. An haife shi a Newark a 1934 da sunan Everett Leroy Jones. Ya fara suna a cikin marubutan unguwar Greenwich Village ta New York, ya rubuta littafi kan tarihin kiɗan baƙar fata a 1963, wasan kwaikwayonsa mai suna Dutchman ya ci kyauta a 1964. Kisan Malcolm X a Fabrairun 1965 ya juya rayuwarsa. Ya tattara ya koma Harlem, ya buɗe gidan wasan kwaikwayo da makarantar fasahar baƙar fata, ya zama ɗaya daga cikin iyayen tafiyar da ta ce adabin baƙar fata na baƙar fata ne, kuma makami ne. A wannan zamanin ya sauya suna. Lokacin boren Newark na Yulin 1967, wanda mutum 26 suka mutu a cikinsa, 'yan sanda sun yi masa dukan da ya fasa masa kai, aka gurfanar da shi bisa zargin riƙe bindiga. Ranar yanke hukunci, alƙalin ya ɗauko wata waƙarsa da aka buga a mujalla ya karanta a kotu a matsayin shaidar irin halinsa, sannan ya ɗaure shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Wato shekara 34 kafin wannan rigima, hukumar jihar nan ta taɓa hukunta shi da waƙarsa a hannu. Bayan haka ya shiga siyasar gari gadan-gadan, yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka har Kenneth Gibson ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar magajin garin Newark a 1970. A 1974 ya bar aƙidar kishin launin fata ya rungumi gurguzu, ya kuma shafe shekaru yana koyarwa a jami'ar Stony Brook.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da ba a ɓoye yake ba. A waƙoƙinsa na shekarun 1960 akwai munanan kalamai a kan Yahudawa, har shi da kansa ya rubuta maƙala a jaridar Village Voice a 1980 yana cewa ya bar wannan hali. Duk wannan kwamitin ya sani. Baraka ma ya sha faɗin cewa ranar naɗin ya gaya wa gwamna cewa zai sha suka a kan wannan zaɓi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne waƙar da ta jawo fitinar ba sabuwa ba ce. Ya rubuta ta a Oktoban 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, ya karanta ta a wurare da yawa, tana kuma yawo a intanet watanni kafin a naɗa shi. Sunanta Somebody Blew Up America, wato wani ya tarwatsa Amurka. Doguwar waƙa ce da aka gina kan tambaya guda da ake ta maimaitawa: wane ne? Wa ya yi cinikin bayi, wa ya ƙarar da 'yan asalin ƙasar, wa ya kashe Lumumba da Malcolm da Martin Luther King, wa ya ci ribar yaƙe-yaƙe, wa ke da mai da bankuna da jaridu. Har da tambayar wa ya ƙona Yahudawa a Turai, wa kuma ya taimaka aka yi. Ya yi wa Colin Powell da Condoleezza Rice da Clarence Thomas, baƙar fata masu manyan muƙamai a gwamnatin Amurka a lokacin, zambo mai zafi. Manufarsa a fili take: baƙar fatar Amurka sun san ta'addanci tun kafin 2001, kuma a cikin gida suka san shi. Wanda ya ga hoton bidiyon Baraka yana karatu ya san yadda yake yi. Ɗan ƙaramin dattijo mai furfurar gemu, yana buga teburin karatu da tafin hannu kamar mai kiɗa, yana gunjin wani sautin jaz kafin ya shiga baiti, muryar tana hawa har tambayar ta koma kamar kukan mujiya.

A tsakiyar wannan jerin tambayoyi ne ya sa waɗanda suka jawo masa. Ya tambayi wa ya gaya wa ma'aikata 'yan Isra'ila 4,000 kada su je aiki a tagwayen benayen World Trade Center na New York ranar harin, da dalilin da ya sa Ariel Sharon, firaministan Isra'ila na lokacin, bai zo ba.

Wannan magana ƙarya ce, kuma ya kamata a faɗe ta da sunanta, musamman da yake jita-jitar ta iso har majalisunmu a wancan lokaci, akwai ma masu maimaita ta har yau. Tushenta sananne ne. Washegarin harin, jaridar Jerusalem Post ta ruwaito cewa ma'aikatar harkokin wajen Isra'ila ta karɓi sunayen mutum kusan 4,000 da ake jin suna yankunan da aka kai harin, danginsu na neman labarinsu. Bayan 'yan kwanaki, gidan talabijin na Al-Manar da ke Labanan ya juya adadin ya ce mutum 4,000 ne ba su je aiki ba. Daga nan ta bazu a duniya. Gaskiyar ita ce 'yan ƙasar Isra'ila biyar sun mutu a harin, Yahudawan Amurka kuma ɗaruruwa ne a cikin mutum 2,977 da aka kashe, tare da Kirista da Musulmi da sauransu. Sunayensu na nan a sassaƙe a wurin tunawa. New Jersey ita kaɗai ta rasa mutum kusan 750, babu jihar da ta fi ta asara in ban da New York, domin dubban mazaunanta kullum da safe suke tsallaka kogin Hudson zuwa aiki a Manhattan. Akwai garuruwan da motocin mamatan suka kwana a tashar jirgin ƙasa babu mai zuwa ɗauka.

A gaban irin waɗannan mutane, shekara guda da kwana takwas bayan harin, Baraka ya hau dandamalin bikin waƙa na Geraldine R. Dodge a ƙauyen Waterloo, kusa da Stanhope, ranar 19 ga Satumba, 2002, ya karanta waƙar. Wannan biki, wanda aka fara a 1986, shi ne taron waƙa mafi girma a ƙasar a lokacin, kuma ɗaliban sakandare da malamansu suna cika shi. Wasu daga cikin masu sauraro sun yi masa ihu. Ƙungiyar Yahudawa mai yaƙi da ɓatanci, wadda ake kira ADL, ta kai kuka wurin gwamna, jaridu suka ɗauka. Kafin ƙarshen watan McGreevey ya nemi ya ba da haƙuri ya kuma ajiye muƙamin. Stern da ya sa hannu a zaɓensa shi ma ya fito ya soki baitocin.

Baraka ya yi kememe. A ranar 2 ga Oktoba ya tsaya a ɗakin karatu na birnin Newark ya karanta doguwar takarda, ya ce ba zai ba da haƙuri ba, ba zai sauka ba. Hujjarsa ita ce gwamnatin Isra'ila yake suka ba Yahudawa ba, cewa waƙar ta yi juyayin Yahudawan da aka zalunta a tarihi, kuma ana so a rufe bakin duk mai tuhumar gwamnatin Bush ne a daidai lokacin da ake shirin yaƙin Iraƙi. Akwai gaskiya a wani ɓangaren maganarsa. Sukar gwamnatin Isra'ila ba ƙin Yahudawa ba ne, kuma a 2002 lallai ana matsa wa masu saɓa wa gwamnati lamba a Amurka. Amma wannan bai wanke baitocin ba. Wasu magoya bayansa sun ce tambaya ya yi, bai tabbatar ba. Duk wanda ya san waƙa ya san wannan ba uzuri ba ne, domin sauran tambayoyin da ke cikin waƙar duk a kan abubuwan da suka faru da gaske ne, bauta da kisan Lumumba da sauransu. Da ya jera ƙaryar a cikinsu, sai ya ara mata nauyinsu. A ganina wannan ne babban laifinsa a matsayin marubuci, ya cuci waƙarsa da hannunsa. Waƙar da ta ɗauko ƙarnoni na zalunci, yau ba a tuna ta sai da layukan da ba su da tushe, kuma masu son kauce wa sauran tambayoyin sun samu mafaka. Da ya ce ya samo adadin daga majiyar da ba ta inganta ba, ya cire, babu abin da zai ragu daga ƙarfin waƙar.

A watan nan na Oktoba, a can California, sha'irin jihar Quincy Troupe ya ajiye muƙaminsa bayan an gano ya rubuta a takardunsa cewa yana da digirin da bai kammala ba. Shi ya sauka da kansa, kujerar ta tsira, aka naɗa wani daga baya. A New Jersey kuwa gwamna ba shi da abin yi sai hana biyan kuɗin, sai ya hana. 'Yan majalisa suka kawo ƙudurori, wasu na neman a ba da ikon tsigewa, wasu na neman a soke muƙamin. Na biyun ne ya yi nasara. Majalisar dattawan jihar ta amince a Janairun 2003, ta wakilai ta bi baya a farkon Yuli, gwamna ya sa hannu. Akwai dalilin da ya sa aka fi son wannan hanya. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba faɗin albarkacin baki kariya mai ƙarfi, kuma ƙirƙiro dokar tsige mutum guda saboda abin da ya faɗa zai iya jawo wa jihar shari'ar da ba za ta ci ba. Soke muƙami kuwa ikon majalisa ne, ita ta kafa, ita za ta rushe.

Birninsa bai juya masa baya ba. A Disambar 2002, ana tsakiyar rigimar, hukumar makarantun gwamnati ta Newark ta naɗa shi sha'irin makarantun birnin. Wannan ya nuna yadda ra'ayi ya rabu. A Trenton, hedikwatar jihar, ana kallonsa a matsayin wanda ya zubar wa jiha mutunci. A Newark kuwa ana kallonsa a matsayin mutumin da ya ƙi barin garin lokacin da masu hali suka gudu bayan 1967, wanda ya mayar da gidansa wurin karatun waƙa da kiɗa, wanda yara da yawa a bakinsa suka fara jin cewa rayuwarsu ta isa a rubuta. Sarautar gari ta fi ta jiha dacewa da shi tun farko, domin mutanen da suka ba shi sun san shi ciki da bai.

Ya kai ƙara kotun tarayya a 2004, yana cewa an tauye masa haƙƙin magana, an kuma hana shi kuɗinsa. Ya sha kaye. A Maris na 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Philadelphia ta ce soke muƙamin aikin majalisa ne, kuma gwamna da jami'an da suka taka rawa a ciki suna da kariyar da doka ta ba masu aikin kafa doka. A Nuwambar shekarar kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Babu kotun da ta yanke hukunci a kan ko waƙar ta cancanci abin da aka yi, shari'ar ta ƙare ne a kan wa ake iya ƙara da wa ba a iya ƙara.

Inda na fi ɗora wa jihar laifi shi ne ba ta taɓa zama ta yanke shawarar me take nufi da wannan sarauta ba. In girmamawa ce ga aikin da mutum ya riga ya yi, to Baraka ya cancanta, kuma an ba shi da dukkan tarihinsa, mai daɗi da mai ɗaci. In kuwa wakilcin dukkan mutanen jihar ne, har da iyalan mamatan, to ya kamata kwamiti da ofishin gwamna su karanta abin da mutumin ya rubuta a watannin baya kafin su kira shi, su kuma rubuta a doka abin da ake bukata daga gare shi da yadda za a rabu in an saɓa. Sun so su samu kwarjinin sunansa ba tare da zafin harshensa ba. Kuma da abin ya faru, akwai hanyoyi da yawa a gabansu. Gwamna yana iya fitowa ya ƙaryata baitocin dalla-dalla, da adadi da sunaye, wanda ya fi amfani ga jama'a fiye da neman murabus. Wa'adin Baraka zai ƙare ne a 2004, shekara guda kacal bayan ranar da aka soke muƙamin. Ana iya jira, a gyara dokar, a naɗa wani. Ko Dryden na Ingila da aka sauke bayan juyin sarautar 1688, saboda ya ƙi yi wa sabon sarki mubaya'a, shi aka cire, kujerar tana nan har yau.

Baraka ya rasu ranar 9 ga Janairu, 2014, yana da shekara 79, aka yi taron jana'izarsa a babban ɗakin kiɗa na Newark. Bayan wata huɗu mutanen birnin suka zaɓi ɗansa Ras Baraka, wanda shi ma marubucin waƙa ne kuma tsohon shugaban makarantar sakandare, ya zama magajin gari. Bikin Dodge da rigimar ta faro a cikinsa ya riga ya koma Newark tun 2010.

Waɗanda suka biya kuɗin sokewar ba Baraka ba ne, domin sunansa ƙaruwa ya yi, gayyatar karatu kuma ba ta yanke masa ba. Marubutan waƙa ne na jihar da za su hau kujerar bayansa, da makarantun ƙananan garuruwa da sha'irin jiha zai ziyarta. Tun 2019 ƙungiyar Academy of American Poets, da tallafin gidauniyar Mellon, take ba sha'iran jihohi da birane da ƙananan hukumomi kuɗin da ya kai dala 50,000 kowanne don su gudanar da ayyukan waƙa a cikin al'ummarsu, kuma sharaɗin farko shi ne mutum ya kasance hukuma ce ta naɗa shi. Da wa'adin shekara bibbiyu ya ci gaba daga 2004, da mutum wajen goma sun riƙe sarautar zuwa yanzu. Mafi yawan jihohin Amurka suna da sha'irinsu, New Jersey kuwa fiye da shekara 20 ke nan ba ta sake naɗa kowa ba.